Albasar da Ba a Shanyawa

Makon jiya 'yata ta hawo mini da wata 'yar tukunyar roba daga kanti, an naɗe ta da leda mai ƙyalli. Furanni huɗu ne a ciki, kowanne ya sunkuyar da kai ƙasa, jikinsa ɗigo-ɗigo kamar gashin zabuwa. Ta ajiye a bakin taga ta ce, "Mama, na gan shi a sale ne, an karya kuɗinsa, na tuna kina sonsa. In ya bushe ki jefa a shara, zan kawo wani." Ta sauka da sauri don ta bar mota inda ba a tsayawa. Ni kuwa na zauna ina kallon abin har shayina ya huce. Hawa na tara nake zaune yanzu, a wani flat na council, wato gidan hayar hukuma, kuma duk ƙasar da na mallaka a duniya ita ce 'yar wadda ke cikin robar nan. Gwiwoyina sun daina durƙuso, salla ma a kujera nake yi. Wai a jefa a shara. Furen da na taɓa yin shekara biyu ina rarrafe a kansa, yau ga shi ana sayarwa kusa da burodi.

Na zo garin nan ina amarya, a shekarun da kuɗin mai ya fara zuba a gida, gwamnati tana ta tura samari karatu waje. Maigidana yana cikinsu. Ni kuma na tashi ne da ƙananan littattafan soyayya da ake bajewa a bakin kasuwa, ina ɓoye su a ƙarƙashin tabarma, saboda haka a zuciyata London wani lambu ne marar iyaka, inda masoya ke tafiya a hankali iska tana kaɗa musu mayafi. Abin da na tarar ɗaki biyu ne a saman wani tsohon gida a Tottenham, bango yana tsattsafo da danshi, hitar kananzir tana ci tana wari, ga miji mai fita da jakar littattafai tun gari bai gama wayewa ba. Sai na koma sauraro. Da safe kwalaben madara suna ƙwanƙwasar juna a motar mai rabawa. Can da hantsi jirgin ƙasa ya wuce bayan gidaje, kofuna su yi rawa a kan kanta. Ran Asabar kuwa ihun 'yan kallon ƙwallo ya taso daga nesa kamar ruwan sama yana tahowa. A cikin duk wannan kunnena yana neman abu ɗaya ne, kukan jigo a lambun babana, da ƙarar ruwa yana bin kwalbatin ƙasa zuwa fangalin albasa. Yanzu ko kwalaben ma babu. Abin da nake ji a nan sama ƙugin lif ne da waƙar wayar maƙwabta.

Mai gidan wata tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a ƙasa. A lokacin ba kowane mai gida ke buɗe wa baƙar fata ƙofa ba, amma ita ta buɗe, har ta koya mini yadda ake kunna murhun gas ba tare da na ƙone gira ba. Na fara ce mata Iya. Ta tambayi ma'anarsa, maigidana ya gaya mata, ta ce ta karɓa. Turancina a lokacin na aji ne, mai ɗingishi, nata kuma na ƙauye ne mai haɗiye rabin kalma, amma mun fahimci juna da hannu da murmushi. A bayan gidan akwai lambunta, dogo siriri, ya gangara zuwa katanga. Kusa da kicin a gyare yake tsaf. Can ƙarshe kuwa, inda ruwa ke kwanciya, ta bar ciyawa ta yi tsawo yadda take so. Wannan ya dame ni ƙwarai. A gidanmu tsakar gidan da ba a share ba abin kunya ne, gona mai ciyawa kuma ta rago ce.

Da sanyi ya fara sauƙi, wata safiya ta ƙwala mini kira daga ƙasa. Na sauko da bargo a kafaɗa, ta ja ni har cikin ciyawar nan ta nuna. Su ne. Sun fi ɗari, shunayya mai duhu, wasu 'yan kaɗan farare, kowanne rataye a kan siririn kara yana kallon ƙasa kamar amaryar da aka kai ɗaki. Ta ce sunansu fritillary. Na gwada faɗa sau biyu na haƙura, na ce mata mu a wurinmu wannan zanen na zabuwa ne. Ta sa yatsa ɗaya ta ɗago kan fure a hankali don in leƙa cikinsa. Ranar ce karon farko da na ga wani abu a garin nan ya yi kama da abin da littattafaina suka yi mini alkawari. Mako uku suka yi suka zube, ganyen ya yi rawaya ya kwanta, ciyawa ta rufe wurin kamar ba a taɓa yin komai ba.

A waɗancan shekarun kowa namu a kan hanya yake. Baƙi daga gida ba sa yankewa: ɗan'uwan wane ya zo kwas, matar wane ta zo sayayya, su kwana a falonmu su cika shi da akwatuna, rediyo, bargo, keken ɗinki. Hira ɗaya ce kullum, wane ya samu muƙami, wane an ba shi gida da mota. Na taɓa ce wa maigida ina son in shuka ko da yakuwa ce a bayan gida, ya yi dariya ya ce, "Amarya, me za ki shuka? Baɗi war haka muna Kaduna, mai lambu zan ɗaukar miki." Haka muke duka. Ba mai kafa ƙusa a bango, ba mai sayen labule mai kyau, don gobe za a tafi. Shi mai maganar yana kwance a maƙabartar Musulmi a gabashin garin nan, ni kuma ga ni a hawa na tara, har yau da wata akwati da ban taɓa kwancewa ba.

A farkon bazarar wata shekara da aka yi zafi da fari, irin wanda Turawa suka daɗe suna labari, Iya ta zame a matakala ta karye a ƙugu. Aka kai ta asibiti, aka ce sai ta yi wata biyu. Ina kai mata romon kaza, tana sha tana hawaye saboda barkono, tana cewa in ƙaro. A hanyar dawowa kullum ina tunanin me zan yi mata wanda zai nuna ni 'yar halak ce. Sai na tuna ciyawar nan. Na ce a raina tsufa ne ya hana ta gyarawa, kuma ba ta da mai yi mata. Na ɗauko cebur da manjagara daga ɗakin ajiya, na ɗaura ɗamara. Kwana huɗu ina yi. Na nome ciyawar tas, na juye ƙasa, na yi kunya-kunya a miƙe yadda babana ke yi, don ruwa ya daina kwanciya. A cikin juyin ne na fara cin karo da su, 'yan farare kamar gujiya, ɓari biyu a manne irin na goro, ba ɓawo ko kaɗan a jikinsu. Nan take na gane albasar furen nan ce. Na sani, ai 'yar mai albasa ce ni. Kuma na ji muryar babana a kunnena yana faɗa wa ma'aikata cewa in ganye ya kwanta a haƙe, a kakkaɓe, a shanya, duk wadda aka bari a ƙasa mai laima ta ruɓe. Na ce wayyo Iya, saura kaɗan ki yi asarar iri. Na bi ƙasar da yatsu na tsince su ɗaya-ɗaya, na wanke, na shimfiɗa buhu a kan rufin ɗakin ajiya na baje su a rana. Safe da yamma ina hawa kujera ina juya su. Mako uku. Ban taɓa yin wani aiki da farin ciki irin wannan ba.

Ranar da aka sallamo ta na yi kwalliya, na zuba su a sabon kwanon sha mai fure, na rufe da faifai. Ta shigo tana dogara ƙarfe, ta tsaya a tagar kicin. Ta daɗe tana kallon kunyoyina. Na matso na buɗe faifan na ce, "Iya, ga irinki. Na shanya miki, ba ko ɗaya da ya ruɓe."

Ta ɗauki ɗaya. Ya yamutse, ya yi ruwan toka, ba nauyi. Ta murza shi a hankali, ya ɓare a hannunta. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ta nemi kujera ta zauna, ta ce, "Yarinya, waɗannan ba a shanya su. Ba su da riga. In suka bushe sun mutu."

"Amma albasa ce, Iya."

"Albasa ce. Amma ba irin taku ba."

Sannan ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba, a hankali, tana maimaitawa inda ban gane ba. Ƙauyensu yana bakin wani kogi mai ambaliya kowace shekara, a makiyayar da ruwa ke kwanciya furen nan ke fitowa da kansa. Da za ta yi aure ta taho birni, mahaifiyarta ta haƙo mata guda goma sha biyu da ƙasarsu a cikin gwangwanin shayi. Shekara arba'in suna haihuwa a bayan gidan nan. Makiyayar kuwa tuni an janye ruwanta an nome, gidansu an rushe. "Su ne kaɗai suka rage," in ji ta. Ciyawar da nake gani kamar ƙazanta, ita ce inuwarsu da bargonsu. Na durƙusa a gabanta da kwanon a hannu.

Ɗanta, wanda ke zaune a wajen gari, ya zo a ƙarshen mako. Dama ya daɗe yana son ya kai ta gidan kula da tsofaffi, yanzu ga karaya ta ba shi hujja. Ina saman bene ina jin su. Ya ce ko lambun da take fakewa da shi ai ga shi an gama da shi. Ta ce, "Ba inda zan je sai na ga ko akwai mai rai a cikinsu." Tun daga ranar na san abin da ke kaina: ko dai matar nan ta sake ganin furen mahaifiyarta, ko kuma ta bar gidanta da abin da hannuna ya yi mata.

Maigida da ya ji, ya ce, "Haba Amarya, wannan ne kike ƙin cin abinci a kai? Fure ne fa. A saya mata wani mana." Haka zamanin ya koya mana, duk abin da ya lalace akwai shi a kanti. Ya rubuta sunan a takarda ya tafi, ya ce wa mai shagon a ba shi wanda ya fi girma. Ya dawo da manyan albasa shida, kowace kamar dunƙulen hannu. Tun daga bakin ƙofa wari ya riga shi shigowa, wani irin ɗoyi kamar na ramin dila. Ya ce a bas har wata mata ta canza kujera. Ya ajiye a gaban Iya yana ta murmushi. Ta duba, ta shinshina, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙugu. Rabona da jin dariyarta tun kafin asibiti.

"Wannan babban yayansu ne," ta ce. "Dangi ɗaya, hali daban. Shi tsayinsa ya kai ƙirjinka, da rawani a ka, ga wari. Nawa kuwa masu kunya ne."

Maigida ya ce, "To Iya, ai babba ya fi."

"A wurinka," in ji ta.

Ta nuna mini ramin da ke tsakiyar kowace babbar albasa, ta ce shi wannan a kwance ake binne shi a kan yashi, don kada ruwa ya taru a ramin ya ruɓar da shi. Na ce a raina, ga wanda babana zai fahimta. Ɗaya yana gudun ruwa, ɗaya yana mutuwa in babu shi, kuma wai 'yan gida ɗaya ne.

Ƙananan kuwa muka zauna muka tace su. Waɗanda suka zama ɓawo zalla muka ware, waɗanda suka rage da ɗan tauri muka jiƙa a ruwa, muka kwantar a jiƙaƙƙen yashi kwana biyu. Na rushe kunyoyina da hannuna, na mayar da wurin kwari yadda yake. Da ruwan kaka ya sauko na binne su zurfin yatsa, tana zaune a kujera da bargo tana nuna mini wuri da sanda. Muka watsa irin ciyawa a kai. Ni 'yar manomi, ga ni ina shuka ciyawa da gangan. Sai jira. Hunturun nan ya yi mini tsawo fiye da kowanne. Kullum in na fito shanya sai na je na tsaya a kan wurin, ina yi musu addu'a kamar marasa lafiya. Yaran yanzu suna ɗaukar hoton ganye da waya ta faɗa musu sunansa kafin ƙiftawar ido, ban ce laifi ba ne. Amma ba su san abin da ake ji ba in an yi wata biyar ana kallon ƙasa ba ta ce komai ba.

Da lokaci ya yi, ta koya mini yadda ake gane su a cikin ciyawa, don da farko ba su da bambanci. Ta ce in durƙusa in duba launi: ciyawa kore ce shar, su kuwa korensu da toka-toka. In shafa: ganyensu yana da kwari a tsakiya, kuma ya fi kauri. In mai fure ne, karan zai fito a lanƙwashe, kansa a ƙasa kamar maciji yana kiwo. Na yi ta rarrafe, gwiwoyin zanena suna jiƙewa, duk wanda na samu in kafa masa tsinken tsintsiya. Tara na samu. Tara daga cikin fiye da ɗari, kuma duk ganye ne guda-guda, ba mai kai. Na ce, "Iya, ba fure." Ta ce, "Suna da rai. Sun sha wuya ne, bana hutawa za su yi. Baɗi." Manyan na maigida kuwa suka fito da ƙarfinsu, jajaye, suna wari, yana kai baƙi suna ɗaukar hoto a gabansu.

Baɗin ba ta same ta a gidan ba. Cikin hunturu hawan jini ya buge ta, gefe ɗaya ya mutu, magana ta yi nauyi. Wannan karon ɗanta bai tambaye ta ba. Aka kai ta wani gidan tsofaffi can ƙarshen layin bas, aka kafa allon sayarwa a ƙofar gidanmu. Na je duba ta sau da yawa, wani lokaci ta gane ni, wani lokaci ta ɗauka ma'aikaciya ce ni. Na ci gaba da zuwa wurin tsinkayena. A cikin taran, biyu suka fito da kai a lanƙwashe. Dodon koɗi ya cinye ɗaya a dare guda. Ɗayan na kewaye shi da toka da ɓawon ƙwai, ina gadinsa kamar jariri, har ranar da ya buɗe. Shunayya, da zanensa cif.

Tsinka shi ba zan iya ba, kafin a kai ya yi yaushi. Ita kuma ba za a kawo ta ba. Na yi ta kai da kawo, sannan na ɗauko cebur. Na yanka ƙasar nesa da shi, na zurfafa sosai, na ɗago shi da ciyawarsa da komai, dunƙule guda. Ba abin da zai ɗauke shi sai tukunyar tuwona. Maigida ya fito zai tafi laburare, ya gan ni ina kokawa da ita. Ya tsaya, ya ajiye jakarsa, ya ce, "Kawo." Shi ya rungume ta a cinyarsa har ƙarshen layi, da kwat ɗinsa mai kyau, duk inda bas ta yi tsalle sai ya kare furen da tafin hannu.

Mun same ta a kujera tana fuskantar bango. Na ce, "Iya, mun zo." Ba ta juyo ba. Maigida ya ajiye tukunyar a kan teburin da ke gabanta. Har na fara cewa a raina mun makara. Sai hannunta mai lafiya ya taso a hankali. Ta sa yatsa ɗaya ta ɗago kan furen, ta sunkuya ta leƙa ciki. Ta daɗe a haka. Sannan ta dubi ƙasar da ke tukunyar, ta dube ni, bakinta ya karkace gefe ɗaya, na ɗauka kuka za ta yi.

"Kin sake haƙawa," ta ce, kalma ɗaya-ɗaya.

"Na sake, Iya. Amma ban shanya ba."

Ta yi wata 'yar dariya marar sauti, hawaye yana bin gefen da ya mutu. Ta tura yatsa cikin ƙasar ta taɓa. "Ruwa," ta ce. Na ɗauki kofin shanta na zuba a hankali har ta ɗaga hannu alamar ya isa. Da ma'aikaciya ta zo za ta ɗauke tukunyar wai ƙasa za ta ɓata tebur, Iya ta dafa bakin tukunyar da tafin hannunta ta ƙi saki, har matar ta haƙura.

Muka fito, maigida yana kakkaɓe laka daga kwat, ni da ƙasa cike da farce. Ba ta kai bazara ba. Tukunyar tuwona kuwa can na bar ta, ban taɓa komawa na tambaya ba.